Dogayen benaye da fuskar biranen gobe: doka, iska da lissafin kuɗi

Fasahar gina bene mai tsawon kilomita guda tana hannu tun tuni. Burj Khalifa na Dubai ya kai mita 828 tun 2010. Hasumiyar Jidda, wadda aka fara a 2013, aiki ya tsaya a 2018, aka koma kansa a 2025, an zana ta ne don ta zarce mita 1,000. Amma irin waɗannan ƙalilan ne, kuma ba su ne za su sauya yadda ake hango yawancin birane daga nesa ba. Abubuwan da ke yanke surar birni ba sa fitowa a hoto: dokar da ta ce ninki nawa na fulotinka za ka iya shimfiɗawa a sama, wurin da lif da matakala ke cinyewa a kowane hawa, ƙarfin iska, da kuɗin ruwan banki a shekarun da ginin bai fara kawo ko sisi ba.

Doka tana zana gini kafin mai zane ya ɗauki alƙalami. A 1915 aka kammala ginin Equitable a New York, kusan hawa 40, ya miƙe tsaye daga bakin titi bai ja da baya ko taku ɗaya ba, ya jefa maƙwabtansa cikin inuwa da rana tsaka. A 1916 birnin ya kafa doka cewa gini ya riƙa ja da baya yayin da yake hawa sama, kuma a kashi ɗaya cikin huɗu na fuloti kaɗai aka yarda ya yi tsawon da ya ga dama. Daga nan surar nan mai ƙanƙancewa daki-daki ta fito, wadda ake gani a benen Empire State na 1931. A 1961 aka sauya salo, aka koma ƙayyade jimillar daɓen da za a gina bisa girman fili. Fuloti mai murabba'in mita 2,000 da aka ba shi ninki 15 zai ɗauki murabba'in mita 30,000 gaba ɗaya. Mai fili na iya mamaye fulotin duka ya yi hawa 15, yana kuma iya tsuke kowane hawa zuwa murabba'in mita 500 ya yi hawa 60. Daɓen dai ɗaya ne, amma ɗaki a hawa na 55 ya fi na hawa na 5 tsada nesa ba kusa ba, don haka an san inda lissafi zai karkata.

Sai kuma dokar ta ba da damar sayen ninkin da maƙwabci bai yi amfani da shi ba. Mai tsohon gini mai hawa shida zai sayar da sararin da ke samansa, ya karɓi kuɗi, ginin nasa ya zauna a haka har abada, mai saye kuma ya ɗora a kan nasa. Ta wannan hanya aka sami siraran benayen da suka sauya fuskar kudancin Central Park, babban filin shaƙatawa na New York: 432 Park Avenue mai mita 426, wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa sau 15, da 111 West 57th Street mai mita 435, wanda ya ninka wajen sau 24. Duk birnin da ya kwafi wannan tsari, kuma yake da attajiran da za su saya, zai ga irin waɗannan tsinken benaye, kowanne kewaye da gajerun gine-ginen da suka riga suka sayar da samansu.

Wasu biranen kuwa hani ne ya sassaƙa su. A Landan akwai layukan hange da aka kare don kada wani gini ya tare kubbar majami'ar St Paul, shi ya sa ginin Leadenhall ya jingina baya ta gefe ɗaya, shi ya sa kuma dogayen benayen tsakiyar birnin suka cunkushe a kusurwa guda ta gabas. Faris ta ga hasumiyar Montparnasse mai mita 210 a 1973, ba ta ji daɗi ba, ta sa iyakar mita 37 a 1977, benaye suka koma unguwar kasuwanci ta La Défense a wajen iyakar birnin. An sassauta a 2010, aka sake ɗaurewa a 2023. San Francisco tun 1984 take taƙaita inuwar da sabon gini zai jefa kan wuraren shaƙatawa na jama'a, kuma ba ƙaramin abu ba ne: idan rana ta ɗago digiri 30 kawai daga ƙasa, bene mai mita 300 yana jefa inuwa mai tsawon mita 520.

Hukuncin da ya fi kowanne nauyi shi ne na ƙasar Sin. A shekaru da dama na bayan 2010, fiye da rabin benaye masu mita 200 zuwa sama da ake kammalawa a duniya a can suke. A 2020 gwamnati ta hana sabon gini ya wuce mita 500, ta tsaurara izinin wanda zai wuce 250. A 2021 ta ƙara da cewa biranen da mutanensu ba su kai miliyan 3 ba kada su wuce mita 250 sam, kuma wuce 150 ma sai da hujja. Kasuwa mafi girma ta janye daga tseren tsawo ke nan. Tseren ya rage a hannun ƙasashen da ke son gini ya zama tutar ƙasa, irin Merdeka 118 na Malesiya mai mita 679, da hasumiyar sabon babban birnin Masar mai kusan mita 394, wadda ta zama mafi tsawo a Afirka lokacin da aka gina ta.

Daga doka sai iska, kuma nan ne ainihin aikin injiniya yake. Mutum zai ɗauka nauyin gini ne babbar matsala. Har zuwa wani tsawo haka ne, amma da zarar bene ya yi tsawo ya kuma yi siriri, turin iska daga gefe ne ke yanke kaurin ginshiƙi da yawan ƙarfe. Bene tamkar sanda ce da aka kafa a ƙasa ana tura ta daga gefe: idan aka ninka tsawonta sau biyu, ƙarfin da ke neman karya ta a gindi yana ninkuwa sau huɗu, ya ma fi, tunda iskar sama ta fi ta ƙasa gudu. Fazlur Rahman Khan, injiniyan da ya tsara ƙashin benayen John Hancock da Sears a Chicago, shi ya nuna cewa idan aka sa bangon waje duka ya yi aiki tare a matsayin bututu guda, za a rage ƙarfen da tsawo ke ci. Yawancin na yau sun dogara ne da cibiyar kankare mai kauri a tsakiya, inda lif da matakala suke, a haɗa ta da manyan ginshiƙan gefe ta wasu ƙattan hannuwa masu tsayin hawa ɗaya ko biyu.

Abin da ya fi turin kai tsaye wahala shi ne guguwar da iska ke yi bayan ta wuce gini. Tana ɓallewa daga gefen dama, sannan hagu, sannan dama, a jere. Idan lokacin wannan ɓallewa ya zo daidai da lokacin da ginin ke ɗauka ya yi lilo sau ɗaya, sai lilon ya riƙa ƙaruwa, kuma gefe da gefe yake yi, ba inda iskar ta nufa ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada ƙolin gini ya gusa fiye da kashi ɗaya cikin 500 na tsawonsa, wato santimita 60 ga bene mai mita 300. Ginin ba zai faɗi a haka ba. Mutanen ciki ne ba sa jurewa: jiri, ruwa yana kaɗawa a kwami, ƙofa tana ƙara. An fi tsaurara wa gidajen zama fiye da ofisoshi, domin ma'aikaci zai tashi ya tafi gida, mai barci a hawa na 70 kuwa ba shi da inda za shi.

Maganin farko shi ne a rikita iskar da surar ginin. Shanghai Tower mai mita 632 an murɗa ta digiri 120 daga ƙasa zuwa sama, wanda ya rage nauyin iska da kusan kashi 24 cikin ɗari. Burj Khalifa tana ƙanƙancewa a zagaye, ta yadda faɗinta ke sauyawa daga mataki zuwa mataki, guguwar ba ta samun tsari ɗaya da za ta bi. A 432 Park Avenue an bar hawa biyu a buɗe ba gilashi bayan kowane hawa 12 don iska ta ratsa. Don haka murɗaɗɗun benaye, da masu dakusassun kusurwoyi, da masu rami a jiki, yawanci ba kwalliya ce kawai ba, kuma za su ƙara yawa muddin ana ƙara sirance gini. Magani na biyu shi ne a rataya ƙaton nauyi a sama wanda ke lilo saɓanin ginin. Na benen Taipei 101 da ke Taiwan ƙwallon ƙarfe ne mai tan 660. Kafin a kai ga kowanne, ana ƙera ƙaramin samfurin ginin, yawanci kashi ɗaya cikin 300 zuwa 500 na girmansa, tare da duk maƙwabtansa, a ɗora kan faifai mai juyawa a ɗakin gwajin iska, a hura masa daga kusurwoyi 36. Sabon bene a maƙwabtaka na iya sauya sakamakon gwajin wani da aka gina tun da daɗewa, abin da ba kasafai masu ba da izini ke tunawa ba.

Kuskure a nan yana da tarihi. A 1978 injiniyan ginin Citicorp na New York ya gano cewa an ɗaure mahaɗan ƙarfe da kusoshi maimakon walda, kuma iskar da ke bugun kusurwa na iya fin ƙarfinsu. Da daddare aka riƙa walda faranti a kan mahaɗan har aka gama. A ƙasa kuma, bango mai santsi yana kamo iskar sama ya sauko da ita kan titi. A Leeds ta Ingila, a 2011, iskar da ke kewayen Bridgewater Place ta kifar da babbar mota kan wani mutum, ya rasu. Shi ya sa sababbin benaye da yawa ke zaune kan faffaɗan gindi mai hawa huɗu zuwa shida, da rumfuna a bakin titi, don iskar ta karye kafin ta iso kan masu tafiya.

Lif ne ya fara ba da damar hawa sama, tun da Elisha Otis ya nuna birkinsa a New York a 1854, kuma shi ne har yau ke sa iyaka. A ginin ofis ana son jira ya tsaya wajen daƙiƙa 30, kuma a iya kwashe kimanin kashi 12 cikin ɗari na mutanen ginin cikin minti biyar da safe. Kowane ƙarin hawa yana neman ƙarin lif, kowane lif kuma yana huda duk hawayen da ke ƙasa. A gajeren gini mai fili na iya ba da hayar fiye da kashi 80 cikin ɗari na daɓe. A dogon bene rabon kan sauko zuwa wajen 70 ko ƙasa. Dabarun da ake yi su ne lif mai ɗaki biyu ɗaya a kan ɗaya, da tashar canji a sama, kamar yadda tsohuwar cibiyar kasuwanci ta duniya a New York ta yi a hawa na 44 da na 78. Igiyar ƙarfe kuma tana da iyaka wajen mita 500, domin daga nan nauyinta kanta ya yi yawa. Kamfanin KONE ya fitar da igiya mara nauyi ta zaren kabon da aka ce za ta kai mita 1,000.

Ruwa ma sai an raba shi. Kowane mita 10 na tsawo yana ƙara matsi da kimanin "bar" ɗaya (ma'aunin matsin ruwa ke nan), don haka bututu ɗaya daga ƙasa zuwa mita 300 zai ɗauki "bar" 30 a gindinsa, alhali famfon banɗaki bai son fiye da huɗu ko biyar. Ana tura ruwa ne daga tanki zuwa tanki. Waɗannan tankuna, da injinan sanyaya ɗaki da na lantarki, su ke zaune a hawayen da ake gani kamar baƙin ɗamara a jikin bene duk bayan hawa 20 zuwa 30.

A ƙarƙashin ƙasa, Burj Khalifa na zaune kan faifan kankare mai kaurin mita 3.7 da turaku kusan 200, kowanne faɗinsa mita 1.5, tsawonsa ya haura mita 40. Millennium Tower ta San Francisco, mai hawa 58, an kammala ta a 2009 da turakun da suka tsaya cikin yashi ba su kai dutse ba. Ta nutse fiye da santimita 40, ta karkata, gyaranta ya ci kimanin dala miliyan 100. Akwai kuma matsalar da ba ta shiga labarai: kankare yana ci gaba da tsukewa shekaru bayan an zuba shi, kuma ginshiƙan gefe ba sa tsukewa daidai da cibiya. Idan ba a yi lissafin bambancin tun ana gini ba, daɓe zai karkata, bututu ya tsage, ƙofar lif ta daina daidaita da hawa.

Duk wannan kuɗi ne, kuma a nan ne ake rabuwa tsakanin benen da ke biyan kansa da benen suna. Hawan ƙarshe da mutane ke amfani da shi a Burj Khalifa yana wajen mita 585, sauran fiye da mita 240 tsini ne. Goldin Finance 117 a Tianjin ta ƙasar Sin ya kai mita 597 a 2015, kuɗi ya yanke, ya tsaya kango kusan shekara goma. Babban bene kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai daga zane zuwa buɗewa, don haka wanda aka yanke shawararsa lokacin da kasuwa ke ci yakan buɗe ƙofa bayan ta faɗi. Tun 2020 kuma, aiki daga gida ya rage buƙatar ofis a birane da yawa, nauyi ya koma kan gidajen zama. Wannan yana sauya sura. Benen ofis faffaɗa ne, mita 12 zuwa 14 daga taga zuwa cibiya, tsayin hawa wajen mita 4. Gida kuwa kowane ɗaki yana son taga, don haka benen siriri ne, tsayin hawa wajen mita 3, jikinsa cike da baranda.

Hasashen da ya fi kusa da gaskiya, saboda haka, shi ne tarin benayen zama masu hawa 30 zuwa 50, a gungu-gungu, kowane gungu a kan tashar jirgin ƙasa, maimakon tsauni guda a tsakiyar gari. Hong Kong ta daɗe a kan haka: kamfanin jirgin ƙasanta, MTR, yana samun haƙƙin gini a saman tashoshinsa, ribar ginin ta tallafi layin dogo. Inda aka yi bene ba tare da irin wannan sufuri ba, motocin mazauna kan cinye hawa shida ko takwas na ƙasa, titi ya zama katangar gareji. A nan ya kamata a yi hattara da hujjar da dillalai suka fi so, cewa tsawo shi ne maganin cunkoso. Faris tana da mutum wajen 20,000 a kowane murabba'in kilomita da gine-gine masu hawa shida zuwa bakwai. Siririn bene mai gida ɗaya a kowane hawa, wanda masu shi ke kwana a ciki wata ɗaya a shekara, bai rage wa kowa kuɗin haya ba.

Kayan gini ma suna sauyawa, amma kada a zuzuta. Siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya, shi ya sa ake gwada katako mai manne da juna. Mjøstårnet a Norwe ya kai mita 85 a 2019, Ascent a Milwaukee ta Amurka ya ɗan ɗara shi a 2022. Katako ba shi da nauyi, wanda ke nufin iska ta fi kaɗa shi, don haka wurinsa matsakaicin tsawo ne. Ɗakunan da ake ƙerawa a masana'anta a kawo a jera sun kai hawa 56 a Singafo, sai dai suna haifar da benaye masu kama ɗaya, tunda faɗin ɗaki ba zai wuce abin da tirela za ta ɗauka a titi ba. Bosco Verticale na Milan, na 2014, ya sa bishiyoyi ɗaruruwa a baranda, da ƙarin kankaren da zai ɗauki ƙasarsu da ma'aikatan da ke saukowa da igiya suna aski. Gilashi zalla kuwa ya fara fita daga yayi. A 2013 bangon 20 Fenchurch Street na Landan, mai lanƙwasa ciki, ya tattara hasken rana har ya narkar da sassan wata mota a titi. A ƙasashe masu zafi gilashi tsirara yana ninka aikin na'urar sanyaya ɗaki, shi ya sa tagwayen benayen Al Bahr na Abu Dhabi suka sanya mayafin da ke buɗewa da rufewa bisa tafiyar rana.

Gobara ta fi duk waɗannan saurin sauya doka. Tsanin 'yan kwana-kwana na yau da kullum yana tsayawa wajen mita 30, sama da haka sai ginin ya ceci kansa. A ranar 14 ga Yuni 2017 wuta ta bi fallayen alminiyon masu roba a ciki da aka lulluɓe Grenfell Tower na Landan da su, bene mai hawa 24 da matakala ɗaya, mutum 72 suka rasu. Ingila ta hana kayan da ke cin wuta a bangon dogayen gidaje a 2018, daga baya ta wajabta matakala ta biyu a sababbin gidajen da suka wuce mita 18. A Sin, ginin da ya wuce mita 100 dole ya sami hawan mafaka, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce mita 50 ba. Kowace irin wannan doka tana ƙara faɗin cibiya, kuma ƙananan fulotai da yawa sun daina ɗaukar dogon bene saboda haka.

Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne tsufa. Lif yana son sabuntawa bayan shekara 20 zuwa 25, gilashi mai ruɓi biyu yakan fara shan raɓa a tsakaninsa wajen shekara 25 zuwa 30, kuma sauya su a hawa na 50 ba aikin tsani ba ne. Ginin Surfside na Florida hawa 12 ne kawai, an san kankarensa ya lalace, masu gidajen suka daɗe suna ja-in-ja kan kuɗin gyara, ya rushe a 2021, mutum 98 suka rasu. Bene mai mamallaki ɗaya ana iya kwance shi: an sauke 270 Park Avenue na New York mai mita 215 hawa bayan hawa daga 2019 zuwa 2021, aka gina mai mita 423 a gurbinsa. Benen zama mai mamallaka 400 wani abu ne daban. Singafo ta yi dokar da ta ba da damar sayar da gini dungurungum idan kashi 80 cikin ɗari na masu shi suka yarda, muddin ya kai shekara goma. Inda babu irin wannan doka, mutum ɗaya da ya ƙi sa hannu ya isa ya hana rushewa, ko an tara kuɗin gyara ko ba a tara ba.